Tabar Kofur Bama

Nassarawa, Kano
4 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Yayana Malam Inuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan. Ina gaida Yaya Binta da yara, da Dije da mai gidanta. Yaya damina? Mu nan ruwa ya sauka sosai, har kwatocin unguwar Turawa sun cika.

Bayan haka, wata damuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san shekara biyu ke nan da aka ba ni makullin sito a otal ɗin nan, duk abin da ya shigo ni ke sa hannu. Cikin kayan akwai wata taba da Turawa ke kira siga. Ba sigari ba ce. Ganye ne zalla aka naɗe da ganye, babu takarda, kaurinta kamar babban yatsa. Wani Sebastian, ɗan kasuwa da ke zaune a Tudun Wada, shi ke kawo mana ita cikin akwatunan katako masu tambari, an rubuta wai daga Jamaika take.

Yaya, mutane sun so tabar nan. Turawa na saye, manyan ma'aikatanmu da suka fara tarewa a gidajen Nassarawa su ma suna saye, wasu kullum bayan sun tashi daga ofis. Na ɗanɗana ɗaya don in san abin da nake sayarwa. Ba ta da kaifin tabar lofe mai shaƙe mutum, kuma ba salam take kamar sigari ba. Tsaka-tsaki ce. Da farko za ka ji kamar gasasshiyar gyaɗa, a tsakiya ɗan ɗaci irin na farin goro, can ƙarshe sai wani zaƙi ya biyo baya wanda na kasa gane na mene ne. Tana ci a hankali, tokarta fara, ba ta zuba da wuri.

To, shekaranjiya da la'asar wani tsohon Bature injiniyan jirgin ƙasa, da muke kira Mai Gemu, yana zaune a baranda ya kira ni. Ya tsaga guda da wuƙa, ya shinshina, ya dube ni ya ce da Hausa, "Jibrin, wannan taba tana da daɗi, amma ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba." Ya yi dariya ya kunna wata. Ni ban yi dariya ba. Manaja zai koma ƙasarsu bayan bikin mulkin kai, kuma ya ce sunana zai bayar a matsayin mataimakin wanda zai gaje shi. In ta tabbata kayan jabu nake sa wa hannu, ka ga ba muƙamin kaɗai zan rasa ba.

Na tambayi Sebastian takardun kwastan, ya ce gobe. Goben nan ta ƙi zuwa.

Kai ne kake tantance ganye a rumfar kamfanin taba, hancinka ba ya kuskure. Ga guda biyu cikin gwangwani na ba Musa direba. Ka duba mini, ka gaya mini gaskiya.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Jibrin

*

Maigana, ƙasar Zazzau
13 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Jibrin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai godiya. Mun fara karyar ganyen taba na ƙasa-ƙasa.

Saƙonka ya iso. Na sha ɗaya a gona. Ta ƙasar waje ce. Irin wannan naɗi babu mai yin sa a ƙasarmu. Ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka, kada ka biye wa maganar Bature, tsufa ne.

Kada ka sake aiko mini da ita, kuma ba sai ka yi zancenta a takarda ba, ka san wani lokaci yara ke karanta mini.

Shi Sebastian ɗin, shi kaɗai yake zuwa ko da wani? Ka taɓa ganin wanda yake naɗa masa? A wace unguwa yake? In ba ka sani ba, bar shi, ba sai ka bincika ba.

Wassalam.
Inuwa

*

Nassarawa, Kano
22 ga Agusta, 1960

Yaya Inuwa,

Gaisuwa da girmamawa. Na sami takardarka, na karanta ta sau uku, kuma ka gafarce ni, ba ta kwantar mini da hankali ba. Ka ce tabar ta ƙasar waje ce, sannan ka tambaye ni unguwar da mai naɗa ta yake. Wa ke neman unguwar mutumin Jamaika a Kano? Ban da haka, kai da in an ba ka ganye ɗaya sai ka yi wuni kana bayanin fadamar da ya fito, yau layi biyu ka rubuta mini. Kuma tun yaushe yara ke karanta maka takarda, kai da ka fi kowa a ajin yaƙi da jahilci?

Ka ce kada in bincika, amma na riga na yi. Ran Lahadi da hantsi na hau keke na tsaya nesa da gidan Sebastian. Da ya dawo daga coci ya ɗauki akwatuna biyu babu komai a ciki, na bi shi. Bai yi hanyar tasha ba, bai yi hanyar kanti ba. Can ƙarshen Tudun Wada ya nufa, wajen gidajen tsofaffin soja, ya shiga wani gida mai ƙyauren gwangwani. Tun daga bakin lungu na ji ƙamshin.

Da ya fito na tare shi. Ya yi ta rantsuwa, daga baya ya ce in rufa masa asiri, shi tambarin kawai yake liƙawa, don in bai liƙa ba Bature ba zai ko kalle ta ba. Mai yin tabar wani tsohon soja ne da ake kira Kofur Bama. Wai a yaƙin Bama ya koyi naɗin a wurin matan ƙasar, ganyen kuwa daga wajejenku ake sayo masa.

Na yi sallama na shiga. A tsakar gida an rataye ganye a inuwa, ga wani tuli an danne shi da dutse an rufe da buhu. A gefe akwai tukunya da tsintsiya a ciki. Na leƙa, sai na ga maɗin ɗinya ne. Nan take na gane zaƙin nan da na kasa sa wa suna.

Mai gidan bai fito ba. Daga bayan asabari ya amsa, muryarsa a dishe. Na ce na zo ne in yaba aikinsa. Ya ce, "Yabo ba ya naɗa taba. Amma harshenka na Zazzau ne. Daga wane gari?" Na ce Maigana. Sai ya ce, "Ɗan wane gida?" Na ce gidan marigayi Sarkin Noma Garba. Ban ƙara jin komai ba sai ƙarar sanda a ƙasa, ya ja ƙyaure ya rufe.

Yaya, ina ɗan shekara takwas Baba ya rasu, ban san sirrin aikinsa ba. Amma ina tuna ana aike na tsinto ɗinya lokacin da ake tara ganye, kuma ba don mu sha ba. Wa da wa Baba ya koya wa wannan? Kada ka ba ni amsar layi biyu.

Ƙaninka, Jibrin

*

Maigana
30 ga Agusta, 1960

Auta,

Ni ce Binta. Malama Milka ungozoma ce take rubuta mini, na yarda da bakinta. Ina gaishe ka, ina gaida aiki. Yayanka bai san da wannan takarda ba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ni na yi maka wanka kana yaro. Me ka aiko wa yayanka a gwangwani? Tun ranar da Musa direba ya kawo shi mutumin nan ba ya cin tuwo, sai ya tsakura ya ture. Na yi masa magana ya ce ciwon ciki ne. Takardarka ta biyu kuwa a murhu ya jefa ta, da idona na gani.

Ran Laraba zan wanke rigarsa sai na sami guntun taba baƙa a aljihu, an naɗe a tsumma. Na kai hanci. Auta, sai da na zauna a ƙasa. Wannan ƙamshin rigar Lawan ne. Shekara uku na yi a ɗakin babban yayanku kafin a ɗauke shi soja, kullum da shi yake shigowa daga rumbun taba. Surukina mutum biyu ya koya wa yayyafa maɗi, Lawan da Inuwa. Inuwa kuma ya bar yi tun da ya shiga aikin kamfani, ya ce su ba sa so.

An kawo mana takardar soja an ce Lawan ya ɓace a dajin Bama, ba a ga gawa ba. Na jira, alƙali ya yanke cewa ya rasu, na yi takaba, dangi suka ce in zauna da Inuwa saboda Dije, na zauna. Ban taɓa kuka da shi ba, 'ya'ya biyar na haifa masa. Dije ba ta san wani uba ba sai shi, ga ta yanzu da cikin fari wata bakwai.

Ina so ka gaya mini, matacce yana naɗa taba? In wani ne Lawan ya koya wa a can kafin ya mutu, ka faɗa mini in sami barci. In kuwa ba haka ba ne, kada ku haɗa kai kai da yayanka ku mai da ni yarinya. Ka aiko amsa ta hannun Malama Milka a ɗakin shan magani.

Allah ya tsare.
Yayarka Binta

*

Nassarawa, Kano
8 ga Satumba, 1960

Yaya Inuwa,

Ina gaisuwa. Na jira amsarka mako biyu ba ta zo ba, don haka na koma Tudun Wada.

Sau biyu ana ce mini ba ya nan, alhali ina jin tarinsa. A na uku ban yi sallama daga waje ba, na shiga kawai. Yana zaune kan tabarma da allon katako a cinya yana naɗi. Ƙafarsa ta hagu daga gwiwa babu. Gemunsa ya yi fari. Amma tsagar gidanmu tana nan a kumatunsa, irin tawa, irin taka.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Auta, ka yi tsawo. Zauna, kana tare mini haske."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na yi kuka kamar ba magidanci ba. Shi kuwa bai fasa aikinsa ba, ya jera ganyen ciki, ya naɗe, ya shafa ƙaro a bakin, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya ce hannu in ya tsaya ganye bushewa yake.

Na tambaye shi tun yaushe yake Kano. Ya ce shekara goma sha huɗu. Goma sha huɗu, Yaya! Tafiyar yini ɗaya a jirgi. Inna ta rasu tana kiran sunansa, yana nan Tudun Wada. Na ce me ya hana ka zuwa gida? Ya ce, "An ce kada in zo." Na ce wa ya ce? Ya ce, "Wadda ke da ikon faɗa." Na matsa masa, sai ya ce, "Tambayi Inuwa abin da ya kawo mini a tashar Zariya. Shi ne ɗan aike."

Bai zage ka ba, bai tambayi gona ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko jaririyar da ya bari ta rayu. Na ce ta rayu, ta yi aure, ta kusa haihuwa. Nan ne kawai na ga hannunsa ya tsaya.

Yanzu ka saurare ni. Yaya Binta ta rubuto mini. Ta sami guntun tabar a aljihunka, kuma ta gane ƙamshin. Matar da ta san mijinta na raye ba ta tambayar ko matacce na naɗa taba. Ke nan cikin ku biyu akwai wanda ya yi ƙarya, kuma ban ga alamar ita ce ba. Ban ba ta amsa ba tukuna, don kai ne babba a gidanmu, kuma kai ka biya mini makaranta ka sa na zama abin da na zama. Na ba ka zuwa ƙarshen watan nan. In ba ka gaya mata da bakinka ba, ni zan rubuta mata.

Game da aiki, na je na faɗa wa Manaja gaskiya. Ya kori Sebastian daga harabar otal. Tabar kuwa ya ce a ɓare tambarin a ci gaba da sayarwa, don Mai Gemu da abokansa sun ce in aka daina kawo ta za su koma wani wuri. Muƙamin mataimaki an ba Cornelius akawu. Manaja ya ce mai sito da aka yi wata takwas ana zagaye shi bai isa riƙe otal ba. Ban yi musu ba. A da wannan ne abin da nake tsoro, yau ko a jikina.

Jibrin

*

Maigana
19 ga Satumba, 1960

Zuwa ga ƙanena Jibrin,

Assalamu alaikum. Takardarka ta zo, wannan ban ƙona ta ba.

Tun zuƙar farko a gona na san hannun waye. Na yi maka ƙarya, Allah ya gafarta mini. Ga abin da ya faru, ka karanta kai kaɗai.

Shekarar da aka sallami sojoji, bayan girbi, na kai ganye Zariya. Wani ɗan garinmu mai dako a tasha ya ja ni gefe ya ce ga Lawan can a benci, ya sauka daga jirgin Ikko, yana neman motar Maigana. Na je na same shi da sanduna biyu da jakar soja. Ashe asibiti ya yi ta kwanciya a Indiya, aka rubuta sunansa cikin ɓatattu ba a gyara ba. Ya rungume ni. Yana ta tambayar Inna, da kai, da Binta.

A lokacin watanmu goma da aure, tana da cikin Musa ƙarami. Alƙali ne ya ɗaura, ba zaman haram muke ba, ko a shari'a ba za a raba mu ba. Na san wannan. Amma na san kuma yadda take kallon hanya duk ranar kasuwa. Na san in ya shigo gidan nan, ko ta zauna a ɗakina, ba ni da mata.

Na gaya masa maganar auren. Ya ce ba laifin kowa ba ne, zai zo dai ya ga Inna da 'yarsa. Sai na ce ya jira ni a nan in je in shirya mutanen gida, kada su firgita. Na tafi na kwana biyu a Tudun Wadar Zariya wajen wani aboki, ban je Maigana ba. Na dawo na ce masa na gaya wa Binta, ta ce ta riga ta yi makokinsa sau ɗaya, ba za ta iya na biyu ba, ya yi wa Allah ya bar ta. Na ce Inna ma ba ta da lafiya, ganinsa haka zai ƙarasa ta. Ni na ƙirƙiri maganar nan duka. Ya dube ni ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Na saya masa tikitin Kano da hannuna. Mai dakon ya rasu bayan shekara guda, ban sake jin tsoron kowa ba sai Allah.

Na riƙe Dije kamar ni na haife ta, har na fifita ta a kan nawa, ina cewa ko hakan zai rage. Bai rage ba. Ranar da Inna ke cikawa ta riƙe hannuna tana cewa Lawan, na amsa mata da sunansa.

Ka ce in faɗa wa Binta da bakina. Sau uku ina kiran ta ɗaki, in ta zauna sai in tambaye ta zancen awaki. Ba na roƙon ka ƙara mini lokaci. Ina roƙon ka yi mini addu'a bakina ya buɗe kafin naka. In ka je wurinsa kada ka nema mini gafara, ban kai nan ba tukuna. Ka dai gaya masa ita ba ta taɓa faɗin haka ba. Wannan haƙƙinta ne.

Wassalam.
Yayanka Inuwa

*

Nassarawa, Kano
26 ga Satumba, 1960

Yaya,

Ina gaisuwa. Na isar da saƙonka jiya da safe. Ban karanta masa takardar ba, abin da ka ce in faɗa kaɗai na faɗa.

Ya sa na maimaita. Na maimaita. Sai ya ce, "Ka tabbata ba wani sabon aike ba ne? An taɓa kawo mini saƙo daga gidan nan." Na rantse masa. Ya ce ba zai gaskata ni ba, ba zai gaskata ka ba, sai ya ji daga bakinta. Ya ce kuma ba zai taka Maigana ba.

Garin nan ya cika da tutoci, otal babu masaka tsinke, ana ta shirin bikin mulkin kai na ran Asabar. Ni dai jikina ke wurin. Saura kwana huɗu wata ya ƙare.

Jibrin

*

Maigana
5 ga Oktoba, 1960

Auta,

Binta ce, ta hannun Malama Milka. Ina gaishe ka.

Yayanka ya faɗa mini ran Alhamis, a gaban Dije. Ban ce masa komai ba, har yau ban ce ba, don ban san abin da zai fito ba in na buɗe baki. Tuwonsa dai ina kai masa.

Malama ta duba Dije ta ce za ta iya tafiya in a jirgi ne, amma kada a wuce mako mai zuwa. Mijinta ya yarda. Za mu taso ran Talata, ka tare mu a tashar Kano. Ka gaya wa Lawan ba komawa na zo yi ba, ina da aure da 'ya'ya. 'Yarsa na kawo masa, kuma akwai magana da aka ce na faɗa, ina so ya ji da kunnensa cewa ba tawa ba ce.

Inuwa ya ce shi zai kai mu Zariya. Dije ta ga tikitin jirgi guda uku a hannunsa. Ban tambaye shi ba, kuma ban sani ba ko zai hau.

Sai mun zo.
Binta